Yadin Inna da Kwamfuta Mai In'ina

Akwai wani tela da ake ce wa Gwani. Ba mahaifinsa ne ya raɗa masa wannan suna ba, ba kuma abokan sana'a ba. Shi ya raɗa wa kansa, ya sa aka rubuta da jan fenti a saman ƙofar shagonsa, har mutane suka gaji suka bi shi a haka.

Maganar gaskiya, ya iya ɗinki. Ko wanda ba ya shiri da shi ba zai ce bai iya ba. Matsalarsa ɗaya ce: tun da ya iya allura, sai ya ɗauka babu abin da bai iya ba. In fanka ta lalace, shi ne mai gyara. In wani ya yi tari a shagon, shi ne likita.

A cikin shagon akwai keken surfani irin wanda kwamfuta ke tuƙawa. Za a zana fure ko ganye a kan allo, kwamfutar ta riƙa aika wa keken umarni ta waya, allura na bi. Keken tsohon yayi ne, ba ya riƙe zane a kansa. Abin da kwamfuta ta faɗa masa yanzu, shi yake yi yanzu. In ta yi shiru, shi ma ya tsaya.

To, sai kwamfutar nan ta fara in'ina.

Ana cikin aiki sai ta ƙame kamar mai son tuno wata magana. Allura ta tsaya cak a cikin yadi. Bayan numfashi biyu ko uku sai ta farka a firgice, ta zubo wa keken duk abin da ta riƙe a lokaci ɗaya, zare ya cukurkuɗe ya bar ƙulli a tsakiyar fure.

Gwani bai tambayi kowa ba. Ya shiga intanet ya sauke wata manhaja da aka ce tana share kwamfuta ta ƙara mata gudu. Kwana biyu abin ya yi sauƙi, sai ya dawo. Ya sauke ta biyu. Da ya ga wata mai hoton roka a jikinta, ya ce ai wannan daga gani ta fi, ya ƙara. Kafin wata biyu yana da guda biyar, kuma yana alfahari da su.

"Masu shara biyar gare ni a cikin akwatin nan," yakan faɗa wa masu kawo ɗinki. "Ko ofishin gwamnati bai kai ni ba."

Shagon da ke manne da nasa na wani dattijo ne mai buga takardu, ana ce masa Sannu-Sannu. Da yatsu biyu yake bugu. In ya gama takarda sai ya karanta ta sau biyu, ya ɗaga ta sama ya duba ta a haske, sannan ya miƙa. Kwamfutarsa ta girmi ta Gwani da shekara uku ko huɗu, amma ba a taɓa jin ta yi gardama ba.

Wata rana ya leƙo, ya tarar da Gwani yana dukan gefen akwatin kwamfutar da tafin hannu.

"Maƙwabci, me ta yi maka?"

"Rashin kunya take yi mini."

"In ka yarda, in na rufe da yamma sai in zo mu duba ta tare."

Gwani ya yi dariya har da riƙe ciki. "Malam Sannu-Sannu, gudu nake nema. Kai in ka taɓa ta, ai sai ta koma tafiya da sanda."

Dattijon ya yi murmushi. "Allah ya ba da sa'a," ya ce, ya koma kan takardunsa.

Ranar Laraba ce, in ban manta ba, amma dai da hantsi ne, mahaifiyar Gwani ta shigo shagon da wani ƙunshi a hammata. Kowa a layin Inna yake ce mata. Ta zauna a kan benci, ta huta, ta sha ruwa, sannan ta kwance ƙunshin a kan cinyarta.

Yadi ne kore mai duhu, mai sheƙi kaɗan, irin wanda an daɗe da daina saƙa shi. Ƙamshin akwati ya cika shagon.

"Ka san wannan?" ta tambaye shi.

"Na sha ganinsa a ƙasan akwatinki. Kin taɓa dukan hannuna a kansa."

"Kuma ban yi nadama ba. Yayata ce ta ba ni ranar da muka rabu, shekara talatin da wani abu. Ta ce kada in yanka shi sai ranar da na yi farin cikin da ya kai shi. Ita ta riga mu gidan gaskiya, ni kuma ina ta jira. To, ranar Asabar ƙawata za ta karɓi takardar gama karatunta. Na samu ranar."

Ƙawar tata ita ce babbar 'yar Gwani, jikarta, wadda ta goya tun tana jaririya.

"Riga nake so," in ji Inna. "A wuya ka jera mini ganye, ƙanana, da zare ruwan zuma. Ka kula, Ɗan'auta. Ba shi da na biyu."

Ita dai ba ta taɓa ce masa Gwani ba.

"Inna, kin kawo aiki inda ake aiki," ya ce. "Ki je ki kwantar da hankalinki."

Ya yanka yadin a ranar, ya haɗa rigar, ta fito kamar an zana. Saura surfanin wuya. Washegari ya zana ganye goma sha biyu a kan allo, ya ɗame wani ƙyalle a firam, abin da ke riƙe yadi a keken, don gwaji. Ganye na uku, kwamfutar ta ƙame. Ƙulli.

Ya sake wani ƙyallen. Wannan karon a ganye na biyu ta tsaya.

Mai hankali a nan zai dakata. Shi kuwa Gwani sai ya buɗe masu sharan nan nasa, ya danna kowacce ta yi aikinta. Kowacce ta nuna masa koren haske, ta ce ta share abu dubu kaza, kwamfuta ta zama sabuwa. Biyar duka suka yi masa wannan albishir.

"Shaidu biyar ba za su haɗu a kan ƙarya ba," ya faɗa wa kansa.

Bai sake gwaji ba. Ya ɗauko rigar Inna, ya ɗame wuyanta a firam, ya yi bisimilla, ya danna.

Allura ta fara tafiya lafiya lau. Gefen ganyen farko ya fito, siriri, mai kyau. Gwani har ya fara kaɗa kai. Sai ya ji ƙarar keken ta yanke.

Bai jira ta farka ba, ya kai hannu ya kashe keken. Amma ya makara da ƙiftawar ido. Allurar ta riga ta soki wuri ɗaya sau bakwai ko takwas, ta bar ƙulli kamar ƙwayar barkono a kan koren yadin, daidai inda ido zai fara sauka.

Ya zauna a kan benci. Fanka na juyawa a sama, amma gumi ya jiƙe masa riga.

A haka matarsa ta same shi. A kantin magani take aiki, kuma takan biyo ta shagon da rana ta kawo masa abinci. Ta ajiye kular, ta kalli mijinta, ta kalli firam, ta sunkuya ta ga ƙullin. 

"Baban yara, me ka ba ta?"

"Wa?"

"Majinyaciyar." Ta nuna kwamfutar da haɓa.

"Duk abin da ya kamata. Manhajar gyara biyar na saka mata."

"Biyar. A tare?"

"To a rarrabe zan saka?"

Ta ja kujera ta zauna. "Jiya wani ya zo mana kanti, ciwon kai ke damunsa. Ya sha na maƙwabcinsa, ya sha na surukarsa, ya sha wani da ya gani a talla, sannan ya zo yana cewa jiri na ɗibarsa. Ka san abin da muka ba shi?"

"Na shida."

"Kujera muka ba shi. Muka ce ya zauna ya lissafo mana abin da ya sha."

"Wannan mutum ne. Wannan kuwa na'ura ce."

"Na ji. Ni ban san na'ura ba. Amma na san wanda ya sani, kuma bango ɗaya ne tsakaninku."

Gwani ya kawar da kai. "Na yi masa dariya kwanaki."

"To ka je ya rama. Dariya ba ta huda yadi." Ta miƙe ta gyara mayafinta. "Jibi ne Asabar. In kana so, ni zan je in gaya wa Inna cewa rigarta ta lalace saboda ɗanta yana jin kunyar yin taku huɗu."

Taku huɗun nan sun yi wa Gwani nisa. Ya tsaya a ƙofar Sannu-Sannu yana murza hula a hannu, dattijon na buga wata takarda da yatsunsa biyu.

"Malam, na zo ne."

"Na gani. Bari in kai aya."

Ya kai aya. Ya karanta takardar sau biyu, ya ɗaga ta a haske. Gwani na tsaye kamar a kan garwashi. Sannan dattijon ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, ya ce, "Mu je."

Bai yi maganar dariyar kwanaki ba, ko da wasa.

Da suka shiga, abu na farko da ya yi shi ne ya sa Gwani ya cire rigar Inna daga firam, ya ninke ta, ya kai ta can saman kanta. "Wannan ba za ta sauko ba sai mun ga ganye goma sha biyu a kan ƙyalle. Ka yarda?"

"Na yarda."

Dattijon ya danna wasu maɓallai uku, wani jadawali ya buɗe a kan allo. Sunaye ne a jere, kowanne da lamba a gabansa tana hawa tana sauka.

"Wannan tare da kwamfutar ya zo," in ji shi. "Yana nuna duk wanda ke aiki a ciki, da yawan ƙarfin da yake ci. Saka ƙyalle, kunna keke. Kada ka kalli allura, nan za ka kalla."

Keken ya fara. Ganye ɗaya, ganye biyu. Sai ga wani suna ya yi tsalle ya hau saman jadawalin. Kafin ka ce me, na biyu ya bi shi, na uku ya taso. Allura ta tsaya.

"Su wa ka gani?"

Gwani ya matso da fuska. "Masu sharana ne."

"Su ne. Ɗaya ta motsa za ta yi shara, sai ta biyu ta ji motsi ta ce wa ke taɓa kaya, ta tashi bincike. Ta uku ta ga su biyu suna bincike, ta ce ba lafiya ba, ita ma ta tashi. Kowacce na bin bayan 'yar'uwarta da tsintsiya. Shi kuwa mai aikin surfani yana tsaye a bakin ƙofa, an hana shi hanyar wucewa."

Matar Gwani, wadda ta fasa komawa kanti da wuri don ta ga ƙarshen abin, ta rufe baki da mayafi. Kafaɗunta ne kawai ke rawa.

"To mu kore su duka," in ji Gwani. "Macuta."

"A'a, maƙwabci. Ba su cuce ka ba, kai ka tara su a ɗaki ɗaya. Shago yana son mai shara. Ɗaya."

Suka fara cirewa. Ba a lokaci ɗaya ba. Sai dattijon ya cire guda, ya kashe kwamfutar, ya kunna, su gwada a ƙyalle, sannan ya cire ta gaba. Gwani ya tambayi dalilin wannan wahala.

"In na cire huɗu a tare ta warke, ka san wacce ce ta fi ɓarna?"

"A'a."

"Ni ma haka."

Mai hoton rokar ce ta fara tafiya. Gwani ya bi ta da kallo kamar mai raka baƙo tasha. A ƙarshe aka bar guda ɗaya, wadda ya fi rainawa, marar launi, marar alkawari. Sannu-Sannu ya ce irinta yake amfani da ita shekara da shekaru.

Da ita ya nuna wa Gwani abubuwan da ke tashi da kansu duk sanda aka kunna kwamfuta. Goma sha tara ne. Har da wani wasan kati da Gwani ya rantse bai san yadda aka yi ya shiga ba, matarsa ta ce ita ta sani. Suka kashe duka ban da huɗu. Suka share tarkacen da ya taru. Sannan dattijon ya saita ta yadda ba za ta yi shara ba sai sau ɗaya a mako, bayan an tashi daga aiki.

Aka ɗame sabon ƙyalle. Ganye ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, shida. Ko gezau.

Gwani ya miƙe ya nufi kanta. "Alhamdu lillahi. Bari in sauko da rigar."

"Nawa muka ce?"

"Malam, shida fa. Ai ta warke."

"Nawa muka ce?"

Gwani ya kalli rigar, ya kalli agogo, ya dawo ya zauna. "Goma sha biyu."

A ganye na tara allurar ta ɗan tsaya, ta ci gaba. A na goma ta tsaya sosai. Ƙulli.

 Gwani ya daɗe yana kallon ƙullin nan a kan ƙyallen banza, yana tunanin inda da ya sauka in da rigar Inna ce a firam.

Sannu-Sannu ya duba jadawalin, babu wanda ya yi tsalle. Ya koma kan manhajar da suka bari, ya buɗe wani shafi da ke nuna zafin cikin na'urar. Lambar ta yi ja.

"Zazzaɓi take yi. In zafi ya yi mata yawa, sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Yaushe rabonka da buɗe akwatin nan?"

"Ana buɗewa ne?"

Suka kashe komai, suka zare waya daga bango. Dattijon ya aiki Gwani ya ɗauko sukudireba daga shagonsa. Da murfin ya buɗe, su uku suka leƙa.

Fankar ciki ba a ganinta. Burbushin zare da gashin yadi na shekara da shekaru sun taru sun danƙare a kanta kamar bargo. Sannu-Sannu ya kama gefe da yatsu biyu ya ja, abin ya taso gaba ɗaya, ja da shuɗi da fari da ruwan hoda, duk rigar da aka taɓa ɗinkawa a shagon ta bar gaisuwa a ciki.

"Maƙwabci," ya ce yana ɗaga shi a haske, "ashe har rigar sanyi ka ɗinka mata."

Matar Gwani ta daina ɓoye dariyarta. Gwani ya yi ƙoƙari ya ɗaure fuska, bai iya ba, shi ma ya fashe. Suka share fankar da buroshin keke, suka ɗaga akwatin daga ƙasan teburin yanka, inda duk burbushi ke sauka, suka ɗora shi a kan wani teburi kusa da taga.

Ganye goma sha biyu suka fito a kan ƙyalle, babu ko tuntuɓe. Gwani da kansa ya ce a sake. Aka sake, goma sha biyu.

Saura ƙullin da ke kan rigar Inna. Wannan ba aikin kwamfuta ba ne. Gwani ya ari tabaran dattijon, ya zauna a bakin ƙofa inda haske yake, ya ɗauki allura mafi siranta, ya riƙa zaro zaren ɗaya bayan ɗaya. Ya fi awa ɗaya a kan abin da bai kai ƙwayar barkono ba. Masu wucewa suna gaishe shi, yana amsawa ba tare da ya ɗaga kai ba. Da ya gama, ya shafa wurin da ɗan ruwa, ya bi da dutsen guga a hankali. Sannan aka mayar da rigar firam.

Kafin rana ta faɗi, ganye goma sha biyu ruwan zuma sun kewaye wuyan koren yadin.

Ranar Juma'a Inna ta zo karɓa. Idonta ya yi rauni, don haka da yatsa take duba ɗinki. Ta bi ganyen ɗaya bayan ɗaya, ta dawo kan na farko, ta juya yadin ta shafa bayansa. Ta tsaya.

"Nan an yi faɗa."

Gwani ya buɗe baki zai ce yanayin yadin ne. Sai ya rufe. Ya durƙusa a gabanta ya ba ta labarin duka, har da dariyar da ya yi wa maƙwabcinsa, har da shaidu biyar.

Inna ta saurara har ƙarshe. "Da ka ɓata shi, da na yafe maka," ta ce. "Amma da sai ka ji a kunnenka har shekara mai zuwa. Kira mini mutumin."

Sannu-Sannu ya shigo yana goge hannu. Inna ta yi masa godiya, ta sa masa albarka, sannan ta ce gobe akwai kujerarsa a cikin na dangi. Ya ce yana da takardu. Ta ce takardun su jira, ai ta ji an ce sun saba.

Ranar Asabar aka kira sunan jikarta a gaban jama'a. Inna ta miƙe tsaye a cikin koriyar rigarta, ta ƙi zama har yarinyar ta sauko ta rungume ta. Bayan an tashi, mata suka kewaye ta suna taɓa wuyan rigar. Wata ta juya ta tambayi Gwani ko shi ya yi wannan aiki.

Ya kamo hannun dattijon da ke tsaye a bayansa, ya jawo shi gaba.

"Mu biyu ne," ya ce. "Ni na riƙe allura."

Darasi: Yawan magani ba shi ne lafiya ba, ga mutum ko ga na'ura. In kwamfutarka ta fara tsaitsayawa, kada ka tara mata masu gyara. Ka fara duba abin da ke cin ƙarfinta, ka riƙe manhaja ɗaya mai aminci, ka gwada a kan abin da ba za ka yi kukan rasa shi ba. Kuma kada ka raina mai tafiya a hankali, wataƙila shi ne ya san hanya. In ka san wani Gwani a gidanku ko a wurin aikinku, tura masa wannan labari. In kuma ka duba ba ka ga kowa ba, to ka sake karantawa.